Kwanar Nofa

A garinmu Kirbatul Hawa, nan kudu da Karak, in ka ji an ce da mace baƙar sausan, to ba yabo ba ne. Ana nufin ko akuya ba ta iya cin ta. Kuma da an faɗi haka kowa ya san da wa ake: Falha ce, Ummu Miflih, matar marigayi Za'al.

Ita sausan ɗin, a can Amman sarauniya ce. Gwamnati ta ce ita ce furen ƙasa. Tana jikin kan sarki, tana cikin littafin 'yan makaranta, otal-otal sun ari sunanta, har a kwalin sabulu an manna hotonta. Amma je ka tambayi masu sayar da sabulun inda take tsirowa, ka ga rarraba ido! Ba ta zama a lambun mai hali. A kai ta can a riƙa yi mata ban ruwa safe da yamma, sai ta ruɓe don tsabar taurin kai. Wurinta gefen gonar alkama, gindin tarin duwatsun da manoma suka tsince suka jibge, inda iska ke fizge wa mutum rawani. Ganyenta a lanƙwashe yake kamar lauje. Sai ruwan hunturu ya ɗauke, Afrilu ya kama, sannan ta buɗe baƙa wuluk tana sheƙi, ta yi 'yan makonninta ta koma ƙasa. Manomanmu dai ciyawa suke ce mata.

An haifi Falha a tantin gashin akuya, tun kafin a kawo siminti garin nan. Ba ta taɓa taka ƙofar makaranta ba. Tana da shuɗin zane a haɓa irin na matan da, da hannu mai tauri wanda in ta dunƙula cukun jamid sai ka rantse da dutse aka sassaƙa shi. Harshenta kuwa, Allah ya raba ka. Ta taɓa korar mai sayar da yadi tun daga ƙofar gidanta har bakin titi, saboda ya ce mata launin da ta zaɓa bai dace da tsohuwa ba. An aurar da ita ga Za'al, soja ne, mutum mai sanyin hali wanda bai taɓa cin gardama da ita ba, bai ma taɓa gwadawa ba.

Cikinta na fari ya zo daidai da girbin alkama. A wancan zamanin in girbi ya zo, gida kacokan ake tashi a koma gona, a kafa tanti a can har a gama, domin gonar su Za'al tana bayan tudu, tafiyar rabin yini ce a kan jaki. Za'al yana bakin iyaka wurin aiki. Daga Falha sai surukarta, sai ƙanen mijinta Irshed, wanda a lokacin gashin baki bai gama fito masa ba. Tana tsakar yankan alkama naƙuda ta kama ta. Ta haifi 'ya mace a inuwar dami, 'yar mitsitsiya, mai gashi baƙi kwance luf. Yarinyar ta yi kuka, ta kama nono, ta kwana biyu a duniya, amma ba ta kai ranar suna ba. Zafin shekarar ya fi ƙarfinta.

Surukar ta ce ba za a tsayar da girbi a ɗauki gawar jaririya zuwa gari cikin wannan rana ba. Irshed ya ɗauki diga ya haƙa rami a gindin tarin duwatsun da ke gefen gonar. Aka naɗe ta a mayafin uwarta. Aka rufe. Kafin la'asar kowa ya koma kan laujensa.

Falha ba ta yi kururuwa ba. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a rai: ba dutse mai rubutu, ba suna, ba wanda zai san akwai mutum a nan in baɗi garma ta zo. Sai ta raɗa wa 'yarta suna ita kaɗai, Nofa. Sannan ta hau gangaren tudun, ta nemi busasshen ganyen sausan, ta tono saiwarta mai kama da citta, ta zo ta binne a kan kabarin. Ta zaɓe ta ne don dabba ba ta ci, fari ba ya kashe ta. Shekara ta zagayo, fure ɗaya ya fito. Yanzu in Afrilu ya yi, wurin baƙi ƙirin yake zama, faɗinsa ya kai tabarma uku.

Daga nan ta samu aikin da ta yi duk rayuwarta. Duk ranar huɗa, kafin mai garma ya iso, Falha tana tsaye a gaban furenta da sanda. Lokacin alfadari abin da sauƙi, Za'al da kansa yake karkatar da garmar yana murmushi. Da tarakta ta shigo gari ne aka sha kallo. Direban farko, wani ɗan garin Madaba mai jin kansa, ya danna mata ham, ya ce, "Hajiya, matsa mana, ciyawa ce fa!"

Ta ce, "Ciyawa ce a gidan ubanka. Taho ka bi ta kaina in ka isa."

Bai isa ba. Waɗanda suka zo bayansa ma ba su isa ba. Ta haifi Miflih, ta haifi ƙannensa mata, ta aurar da su, ta binne Za'al a maƙabartar gari da dutse mai rubutu har da lambarsa ta soja, gonar nan kuwa kullum layin huɗarta da ɗan lanƙwasa a gefe ɗaya.

To, ana nan sai 'ya'yan Irshed suka gina gidan kaji a bayan tudun. Irshed yanzu Alhaji ne, da tumbi da carbi da jan rawani mai guga. Motocin abincin kaji suna buƙatar hanya, masu gonaki a can baya su ma sun daɗe suna so. Gonar kuma har yau ba a raba ta ba, ta gado ce tsakanin gidan Za'al da gidan Irshed. Mai awo ya zo ya ja igiyarsa, ya ce miƙaƙƙiyar hanya ta kan tarin duwatsun nan za ta bi. In ba haka ba sai an kewaya an fasa dutse, aiki ya ninka.

Irshed ya zo da kansa ya sami Falha tana tankaɗe a tsakar gida.

"Matar yayana, katafila za ta zo bayan sati. Na ce bari in sanar da ke don girmamawa."

"Ta zo lafiya. Ta ina za ta bi?"

"Ta gefen nan, wajen duwatsun."

"Ta kan Nofa ke nan."

Ya gyara zaman rawaninsa. "Wace Nofa kuma? Haba Ummu Miflih, tarin dutse ne da ciyawa. Wa ya san da wani kabari a can?"

Ta ajiye rariyar. Ta dube shi tun daga takalmi har rawani. "Kai ka haƙa shi, Irshed."

"Ni? Ina yaro? Wallahi ban tuna ba. In ma an yi, abin da ko suna ba a raɗa masa ba…"

Bai ƙarasa ba, don ta miƙe da muciya a hannu. Alhaji guda da tumbinsa ya fita da sauri har yana barin takalmi ɗaya. Amma bayan fitarsa Falha ta zauna a bakin murhu. Maganar ta shige ta fiye da yadda ta nuna. Su uku ne a wurin ranar, surukar ta mutu, in Irshed ya ce bai tuna ba, to ita kaɗai ta rage a duniya da ta san an taɓa yin Nofa. Ita kuma ta tsufa.

Miflih ya dawo ya tarar da zancen ya cika gari. Shi ma soja ne mai ritaya, ya gaji sanyin ubansa, yanzu motar 'yan makaranta yake ja. Yana son uwarsa, yana kuma tsoron bakin dangi, duka biyun da gaske. Ya yi tunani ya zo mata da dabara, yana ta murna.

"Yumma, na samo mafita, ba faɗa ba gaba. Furen nan ai na ƙasa ne. In na je Karak na gaya wa ma'aikatan kula da tsirrai, za su zo su kafa allo su kewaye da waya. Ba katafilar da za ta matso. Ba sai an ma ambaci kabari ba."

Ta ce, "Ba sai an ambaci kabari ba."

"Eh mana. Kin ga Baffa Irshed ba zai ji kunya ba, ke kuma…"

"Allon, me za a rubuta a jikinsa?"

"Sunan furen, da cewa haramun ne a taɓa."

"Wato in ɓoye yayarka a bayan furen gwamnati. A raga wa ciyawa don tana jikin kan sarki, ita kuwa mutum ɗiyar mutum ta ci albarkacin ciyawa. Miflih, lokacin da na dasa ta a can, gwamnati ba ta aiko kowa ya riƙe mini diga ba. Ba na son allonsu. Yarinyar nan tana da suna, kuma don ita za a kauce, ba don kwalin sabulu ba."

Miflih ya dafe kai. Ya san in ta kafe, ta kafe ke nan.

Irshed kuwa ya san inda zai ɓullo mata. Ya tafi wurin Abu Nayif, dattijon da duk rigimar garin nan a gabansa take mutuwa, ya roƙe shi ya ja tawagar dattawa zuwa gidan Miflih. Kun dai san yadda abin yake a wurinmu. Dattawa su zo, a zuba wa babbansu gahawa, ya karɓa ya ajiye finjalin a ƙasa bai sha ba. Ba zai sha ba sai mai gida ya ce, "Ku sha gahawarku, abin da kuka zo nema kun samu." In ya faɗa aka kurɓa, magana ta ƙare, ko alƙali ba ya tayar da ita. In kuwa gahawa ta huce a ƙasa dattawa suka tashi, to gidan nan ya ɗauki abin kunyar da jikoki za su gada. Kuma mai gida ake tambaya, ba uwarsa ba. Lissafin Irshed ke nan, kuma wallahi lissafi ne mai kyau.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci suka zo, sun cika ɗakin baƙi da manyan alkyabbu. An ce wa Falha gaisuwa ce kawai. Ita ta soya gahawar, ita ta daka a turmi, ta miƙa wa Miflih butar ta ƙofar baya. Sannan ta tsaya tana saurare. Ta san ƙarar finjali in ana sha ana mayarwa. Ba ta ji ba. Sai ta ji ƙas, an ajiye ɗaya a kan siminti. Ƙas, wani. Irshed don ya ƙara wa abin nauyi ya sa an zuba wa kowa, kowa kuma ya ajiye.

Muryar Abu Nayif ta taso a hankali, yana yabon marigayi Za'al, yana yabon gidan da ba a taɓa mayar da baƙo hannu wofi ba, yana zancen hanya da amfanin jama'a. Ta leƙa ta labule. Miflih na tsaye da buta a hannu, gumi na bin wuyansa, idonsa a kan tururin da ke raguwa a finjalan. Ta ga leɓensa ya fara motsi. Ta san ɗanta. Zai faɗa, ya zo daga baya ya durƙusa yana ba ta haƙuri.

Ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta zari digar da ke jingine a bayan ƙofa, ta ɗaga labule ta shiga.

Mace a tsakiyar tawaga, da diga! Wani ya ce, "Subhanallahi." Wani ya ja ƙafarsa. Ta wuce har tsakiya, ta kwantar da digar a tsakanin finjalan, ta zauna dirshan a ƙasa tana fuskantar Abu Nayif.

Ya ce, "Ummu Miflih, muna magana da mai gida ne."

"Ni na haifi mai gidan. Sannunku da zuwa, Abu Nayif. Gidan Za'al ba ya barin gahawar baƙo ta huce, ba kuma za a fara a kaina ba. Ku sha. Hanya kuke so, na ba ku."

Miflih ya saki baki. Irshed ya washe haƙora, hannunsa har ya kai kan finjali.

"Sai dai ku ji abin da kuke sha. 'Yata tana kwance a gindin duwatsun nan. Ƙarfe ba zai taɓa ta ba. Duk wanda ya fara kai finjali bakinsa, shi zai ɗauki digar nan, ya tone ta da hannunsa, ya tsince ƙasusuwanta ɗaya bayan ɗaya, ƙanana ne, sai ya sa ido sosai. Ya rungumo ta a alkyabbarsa ya ratsa gari da ita har maƙabarta, ya kwantar da ita kusa da ubanta. In an yi haka, ku zuba kwalta har Makka. Bismilla, ku sha. Ni na daka ta, ba ta da laifi."

Tabɗi! Ka ga dattawa sun yi tsuru-tsuru. An ba su abin da suka roƙa a gaban shaidu, kunya ta tashi daga kan gidan ta koma kan tabarmarsu. Wanda ya sha ya ɗauki diga. Wanda ya ƙi sha, shi ya janye roƙonsa da kansa. Hannuwan da suka miƙa suka riƙa komawa cikin alkyabba a hankali.

Abu Nayif ya daɗe yana kallon digar. Sannan ya juya.

"Alhaji Irshed, ka ce mini tarin dutse ne."

"Tsufa ne ke damunta, Abu Nayif. Ni ban san da…"

Falha ta ce, "To ai shi ke nan. In dutse ne kawai, me zai ba ka tsoro? Sha, ƙanen miji. Ka fi kowa sanin inda za ka sara."

Irshed ya ɗauki finjalin. Don fushi ya ɗauka, kowa ya gani a fuskarsa. Ya kai shi har gaban gemu. Sai hannun ya tsaya a nan. Idonsa ba ya kan Falha, yana kan digar.

Da ya yi magana, muryar ba ta Alhaji ba ce. "Ƙasar ta yi tauri ranar. Sai da hannuna ya fashe." Ya dubi tafin hannunsa. "Ba ta kai nauyin burodi biyu ba. Inna ta ce in yi mata salla, ni kuwa Fatiha kaɗai na iya. Ita na karanta."

Ya ajiye finjalin. Ƙas.

Falha ta ji wani abu ya kwance a ƙirjinta wanda ya shekara hamsin a ɗaure, har ta ji tsoron kada ta yi kuka a gaban maza. Sai ta ɗaure fuska tamau.

"Wa ka yi wa Fatihar?"

Ya kau da kai.

"Ina tambaya. Wa ka yi wa?"

"Nofa," ya faɗa can ƙasa. "Kin ji daɗi?"

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa, kai ma ka ce tsufa ke damuna."

"Nofa!" Ya faɗa da ƙarfi har na waje suka ji. Ya tashi ya fita, yana goge fuska da gefen rawani.

Abu Nayif ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce a iya rayuwarsa bai taɓa barin gahawa a ƙasa ba tare da ya ji haushin mai gida ba, sai yau. Ya ce a gaya wa mai awo ya sake jan igiyarsa. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga ƙafa kada su taka digar.

Kada ku ɗauka an tashi ana tafa mata. 'Ya'yan Irshed sun shekara ba su gaishe ta ba, don fasa dutsen nan ya ba su wuya ba kaɗan ba. Matan gari suka ce ta zubar da mutuncin ɗanta, ta shiga taron maza ba takalmi. Ko a jikinta. A yammacin ranar ta juye gahawar finjalan nan duka a buta ɗaya, ta sa Miflih ya kai ta gona a motar makaranta, ta tsiyaye a gindin duwatsun. Ta ce, "Ga gahawar baffanninki. Sun makara, amma sun zo." Miflih ya tsaya a bayanta. Shi ne karo na farko da ya ɗaga hannu ya yi wa yayarsa addu'a.

Hanyar tana nan yanzu. Tana tahowa a miƙe sambal, sai ta zo daidai tarin duwatsun ta yi wata muguwar kwana, ta kewaye, sannan ta ci gaba. Direbobi sun tsane ta. Dole ka rage gudu, dole ka sauya giya, in ka yi gaggawa buhunan abincin kaji su zube. Da yake kowace kwana sai an sa mata suna don kwatance, labarin Juma'ar nan kuma ya zaga ko'ina, ba wanda ya zauna ya yanke shawara, sunan ya kama da kansa. Yawancin masu faɗinsa ba su san ko wace ce ba. Wasu ma da zagi suke haɗawa.

Afrilun da ya wuce Falha na zaune a kan dutse a wurin, ƙafafun sun daina kai ta da kansu, sai Miflih ya kawo ta ya dawo ya ɗauka. Sausan ta buɗe baƙa wuluk, iska na kaɗa ta. Wata babbar mota ta taho tana nishi, ta rage gudu. Direban baƙo ne, ko ɗan lardin nan ba ne, ya maƙale waya a kafaɗa yana murza sitiyari da hannu biyu, yana ihu.

"Ka yi haƙuri mana, na kusa! Ga ni nan a kwanar Nofa!"

Motar ta wuce, ƙura ta lafa. Falha ta sunkuya wajen furen, ta ɗan taɓa ƙasar da sandarta.

"Kin ji? Ke ake kira."